Sakaya Zance: Kunya Ce Ko Rufa-Rufa?

Dattijo daga Ringim:

Da sunan Allah nake farawa,
Ku matso 'ya'yana, akwai tattaunawa.

Jiya yaro ya tsaya a zaure,
"Liman ya mutu," babu ko sakayawa.

Jaki ke mutuwa a ja shi juji,
Musulmi kuwa sai a ce rasuwa.

Ya kwanta dama, wa'adi ya cika,
Ya riga mu gidan gaskiya komawa.

Maciji da dare igiyar ƙasa ne,
Aljanu mutan ɓoye, ba a ambatawa.

Wa ya raba yaranmu da wannan?
Ku amsa da baiti, ina saurarawa.

Gwaggo daga Ɗambatta:

Yaya, ka sosa min inda ke ƙaiƙayi.

Na tsufa a ɗakin Malam,
Bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Ɗan farina "yaron nan" nake ce masa,
Ga shi da furfura, ban sauya ba.

Mai sunan surukina Babangida ne,
Ba don sunan yankan bai yi daɗi ba.

Yarinya ta ce tana fashin salla,
Wace uwa ce ba ta gane ba?

Juna biyu ne, har Allah Ya sauke ta,
Ba mu taɓa faɗin ciki gaban surukai ba.

Ma'aikaciyar jinya daga Jahun:

Gwaggo na durƙusa, a yi min afuwa,
Kalmar da ke ban tsoro ita ce "da sauƙi".

Mace ta kwana biyu a kan gwiwa,
A leƙa a tambaya, a ce da sauƙi.

Kan ɗa ya danne mafitsara da ƙashi,
Jini ya daina kaiwa, ana da sauƙi.

Naman wurin ya mutu ya huje,
Yoyon fitsari ke nan, ina sauƙi?

Sai a ware mata kwano da tabarma,
A ce "lalura ce, Allah Ya kawo sauƙi".

A asibitin Jahun tun 2008
Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aikin nan kyauta, ga sauƙi.

Amma mai ciwo ta zo ta sunkuya,
"Sanyi ne," ta ce, "kuma da sauƙi."

Likita fa ba ɗan duba ba ne, Gwaggo,
Abin da aka faɗa shi yake nema wa sauƙi.

Alaramma daga Gwaram:

'Yata da Gwaggo, kowa da hujja,
Abin nan a Larabci shi ne kinaya.

Suratul Ma'ida, aya ta 6,
"Wanda ya zo daga kwari," in ji aya.

Bayan gida ake nufi, ku duba,
Alƙur'ani da kansa ya sakaya.

Baƙara 187 ta kira ma'aurata
Tufafin juna, ka ji suturar kunya.

Sai dai Nana A'isha ta yabi matan Ansaru,
Kunya ba ta hana su tambaya.

Mai ce wa matarsa "tashi ki tafi",
Alƙali sai ya binciki niyya.

Aure na lilo, 'ya'ya na kallo,
Don mutum ya ƙi fitowa fili da gaskiya.

Ɗan acaɓa daga Bichi:

Baba na Ringim, ni ma yaro,
Na karɓi gyaran nan a gaban taro.

Ƙyanda kuka ce baƙon dauro,
Na gane wannan, dalilinsa tsoro.

To wa ya yi wa cin hanci wanka,
Ya sa masa riga, ya ce na goro?

Mai satar akuya sunansa ɓarawo,
A bi shi da ihu har bayan shuri.

Taki ya ɓace tsakanin sito da gona,
"An karkatar," in ji manyan gari.

Ba mu muka raɗa wannan suna ba, Baba,
Mun taso mun tarar da shi tun fari.

Dattijo daga Ringim:

Kai ɗan nan, bakinka da kaifi!
Na goron nan ban da abin karewa.

Gwaggo daga Ɗambatta:

'Yar nan ta Jahun, na ji kukanki,
Ban ce ƙarya kika yi ba.

Amma mijinta na tsaye, ƙaninsa na tsaye,
Kina tambaya, ba ki kore su ba.

Ga ɗan saurayi da farar riga,
Sa'an ɗanta, bai ko kau da kai ba.

Fitar da su waje, ki ja labule,
Ki ce "Inna, ina ne bai yi daidai ba?"

Za ta faɗa miki har da ranar da ya fara,
Da jiƙon da ta sha bai yi aiki ba.