Mita ko wayarin, wanne zan fara canzawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu na gado ne a Gwammaja, wayarin ɗinsa tun zamanin NEPA marigayi Baba ya sa aka yi. Mitar ma tsohuwa ce, mai faifan nan da ke juyawa, kuma ta tsaya, shi ya sa bil na ƙiyasi muke biya. Kwanan nan in aka haɗa hita da dutsen guga sai ƙaurin roba ya tashi daga wajen fiyus, soket ɗin kicin har ya narke ta gefe. Mai gyaran wutarmu ya ce akwai mitar kati da aka ciro daga wani gida da aka rushe, zai ɗaura min a rahusa, wayarin kuma a lallaɓa zuwa bayan salla. Kuɗina ba zai ɗauki duka biyun ba. In karɓa?

Injiniya, Sharaɗa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙaurin nan shi ne na gaggawa. Daga yau a daina jona komai a soket ɗin, a cire fiyus ɗin layin. Wayar da aka sa don ƙwai da fanka ce ake ɗora wa hita, dole ta yi zafi, robar jikinta kuma ta riga ta bushe. Sabuwar mita ƙirga wuta kawai za ta yi, ba ta hana gobara.

In za a sake, waya mai kaurin 1.5 (sikwaya milimita) ta ƙwai ce, 2.5 ta soket, hita da na'urar sanyaya ɗaki kowanne a ja masa layinsa da 4. A cire katakon fiyus ɗin nan a sa akwatin bireka, a kafa ƙarfen ƙasa, wanda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a haɗa masa wayarsa, don yawancin tsofaffin gidajenmu ba su da shi. Idan kuna da janareto ko sola, a sa makunnin sauya layi na gaske. Ba lallai a yi gidan duka rana ɗaya ba, fara da babbar wayar da ta shigo daga mita, sai kicin da banɗaki.

Ɗan Fagge: Batun mitar hannu kuwa, kada ka soma. Kowace mita da lambarta da adireshin da aka yi mata rajista. In aka same ta a gidanka, laifin taɓa mita ne, akwai tara, kuma wa ya san bashin da ke kanta? Ga wani abu: mitar da ba a sabunta ba kafin 24 ga Nuwamba 2024 ba ta karɓar sabon tokin, wato lambobin wutar da ka saya, sai kamfani ya ba da lambobin sabuntawa. Ka je ofishin KEDCO da bil ɗinka ka nemi mita ta tsarin MAP, wanda kai za ka fara biyan kuɗin mitar. Abin da ka biya, ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ce a mayar maka da shi a yunit sannu a hankali.

Hajiya, Kabuga: Ɗana, ni dai da na sa ta kati na huta da gardamar bil. Amma ka sani tsohon bashi yana bin ka, duk sayen da ka yi sai an ɗan zare. Ka je a daidaita lissafin tukuna.

Mai shago, Sabon Gari: Ranka ya daɗe, kai da kanka ka zo sayen waya, ko ka rako mai aikin. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ajiye musu abarsu. Nauyin nadin ma yana nunawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, gidan ɗaki huɗu ne da famfon tura ruwa sama, mita mai layi ɗaya za ta isa ko sai mai uku?

Injiniya, Sharaɗa: Mai layi ɗaya ta isa, sai dai in famfon naku na layi uku ne, duba rubutun jikinsa. Kuma ka nemi mai aikin da ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin. Wanda ya kawo maka shawarar mitar rusasshen gida, ni ba zan ba shi wayarin ɗin ba.