Daɓen siminti kwana 12, a sa tayil ko a jira?

Angon Satumba: Salamu alaikum jama'a, dan Allah masana harkar gini ku ba ni shawara kaina ya kulle. Ina ƙarasa gida ne a nan Kaduna, jaman fulo, wato kankaren ƙasan gidan, an zuba shi tun watan Maris, to da mai tayil ya zo ya ja igiya sai ya ce wajen bai daidaita ba, nan tudu can kwari, aka sake yin daɓen yashi da siminti a kai, kaurinsa a falo zai kai santimita 5. Yau kwana 12 kenan. Shi mai tayil ya ce ko gobe zai iya farawa tunda saman ya yi fari fes, shi kuma baffana da ya taɓa kwangila ya ce kar in kuskura sai an gwada danshi, ni wallahi ban taɓa jin ana gwada danshin daɓe ba. Biki saura sati 5, 'yan jere har sun fara kira, ga ruwan Agusta kullum sai ya sauka. Tayil ɗin manya ne masu ƙyalli santimita 60 da 60 kuma da gam za a sa. Ya zan yi?

Tsohon birkila: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri. Ka ji maganar baffanka. Daɓe kamar waina yake in wuta ta yi yawa, baya ya soyu ciki ɗanye. Ka samo leda mai kauri fara wadda ake ganin ciki, ka yanka ta murabba'i kamar santimita 45 ko wane gefe, ka shimfiɗa ka manne bakin nan huɗu da salatif sosai kar iska ta shiga. Ka yi a wuri 3 ko 4, har da lungun da iska ba ta kaiwa, amma ban da inda rana ke bugawa ta taga. Ka bar ta kwana ɗaya cur. In ka ga gumi a cikin ledar ko wajen ya fi sauran duhu to da saura.

Mai tayil na Tudun Wada: Baba ka yi haƙuri amma ni shekara da shekaru a kan ɗanyen kwaɓi nake ɗora tayil ba abin da ya taɓa faruwa, wannan gwaje gwajen na turawa ne masu sanyi

Injiniya: Malam mai tayil abin da kake yi daban ne. Kai kwaɓi da tayil kake ɗorawa lokaci ɗaya a kan kankaren da ya riga ya gama shan iska. Shi ango daɓe ne mai kauri aka yi masa daban, za a zo a shafa gam siriri a kai. Siminti in yana bushewa tsukewa yake yi, tayil kuma ba ya tsukewa, to in ka manne su da wuri ƙasa na ja sama ya ƙi, ƙarshe ko tayil ya tsage ko ya saki ya riƙa ƙara kamar ganga in an taka, ko ya tashi tsaye a tsakiyar ɗaki. Kuma irin tayil ɗin nan mai ƙyalli kusan ba ya shan ruwa, danshin ba shi da hanyar fita sai ta layukan tsakani, shi ne za ka ga farin gishiri na tsattsafowa ko fentin gindin bango na ɓarewa.

Ƙa'idar Ingila ta ce daɓen yashi da siminti a ba shi aƙalla sati 3 kafin tayil, kankare sati 6. Lissafin bushewa kuma milimita 1 a kwana har zuwa milimita 40, abin da ya haura kwana 2 ko wace milimita, kenan naka mai 50 kwana 60 a takarda. Amma kar gabanka ya faɗi, an yi lissafin ne a kan zafi digiri 20, namu ya fi haka, sai dai iskar damina a jiƙe take ba ta ɗaukar ruwa kamar ta hunturu. Shi ya sa ba a dogara da ƙirga kwana kawai.

Ledar Baba kuma in ta yi gumi hujja ce kar a sa, in ba ta yi ba ba ta rantse maka cewa can ƙasa ya bushe ba. Gwajin gaske akan fasa daɓen ne a ɗebo gari daga ciki a auna, a zuba a kwalbar ƙarfe da kabayit, irin wanda masu walda ke amfani da shi, ruwan da ke ciki ya haɗu da shi ya ba da gas, agogon kwalbar ya nuna. Kashi 2 cikin 100 ko ƙasa ake nema. Akwai kuma akwatin da ake mannewa a ƙasa yana auna laima, shi kada ya wuce kashi 75. Manyan 'yan kwangila ke da su, a gidan mutum ɗaya leda da haƙuri ake haɗawa.

Angon Satumba: Na gode ranka ya daɗe. Wani ya ce zai ara min mitar gwada danshi mai allura biyu ta kafintoci, za ta yi? Sannan maigadi har yau da safe yana ba daɓen ruwa, ni na sa shi don ya yi ƙwari

Injiniya: Inna lillahi, ango ai kai ne ke jiƙa shi da kanka! Ban ruwa sati ɗaya ya isa. A tsaya yau, kuma sati 3 ɗin daga yau za ka fara ƙirgawa. A buɗe tagogi da ƙofofi, in ruwa ya taso a rufe, in da wuta a kunna fanka. Kar wanda ya ce maka a hura gawayi a ciki, tsagewa zai yi. Mitar nan ta katako ce, sama sama take karantawa, iyakarta ta nuna maka wane lungu ya fi wani jiƙa.

Maman 'yan biyu: Ƙanena ka jira wallahi. Mu da gaggawar tarewa aka sa mana, wata rana cikin dare muka ji tas tas kamar bindiga, tayil 6 sun tashi a tsakar falo, sai da aka fitar da kujeru kaf. Kuma wanda ya zo gyara ya ce an matse su jikin bango ba a bar 'yar tazara ba, ka tuna wa naka ya bari, sikatin, wato tayil ɗin gindin bango, zai rufe. 'Yan jere kuma ba sa tashi zuwa sai ana saura kwana 2 ko 3, kar su ɗaga maka hankali

Angon Satumba: Jama'a na dawo. Ranar farko duk ledojin 4 sun yi gumi sharkaf, mai tayil da ya gani bai ce komai ba sai dariya. Yau kwana 20 da tsayar da ruwa, 3 sun fito a bushe, amma ta jikin bangon banɗaki har yanzu jiƙe take kamar ranar farko.

Tsohon birkila: To wannan ba ruwan kwaɓi ba ne. Ka rufe duk famfunan gidan ka yi alama a tanki, da safe ka duba in ya ragu akwai fayif da ke yoyo a wajen, a kira fulamba ya fasa tun babu tayil a kai. In bai ragu ba ka tambayi wanda ya zuba jaman fulo ko ya shimfiɗa baƙar leda a ƙasa kafin kankare. Masu tayil su fara da ɗakin amarya jibi, falon a bar shi ƙarshe.