An ce Yayanmu yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, kansa ce ko me?

Ɗan Mafara:

Assalamu alaikum. Masu sani a taimaka mana. Yayanmu shekararsa 47, wata uku ke nan yana fama da ciwon kai, ya fi matsa masa da asuba, wani lokaci har da amai. Mun yi ta maganin maleriya da taifod, shiru. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, alhali bai taɓa yi ba. Tun daga nan hannunsa na dama ba ƙarfi, magana ma sai ya yi ta laluben kalma. An yi masa hoton CT a Gusau, aka ce akwai ƙari a gefen hagu, aka ba mu takardar Sakkwato. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce wanda aka buɗe wa kai ba ya tashi. Kansa ce? Me za mu tarar a can?

Malam Sanusi Gusau:

Wa'alaikumus salam. Sannu da jinya ɗan'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya.

Ba kowane ƙari ne kansa ba, kuma hoton CT kaɗai ba ya yanke hukunci. Amma ko wane iri ne, matsalar ita ce ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. Duk abin da ya tsiro ciki sai ya danne ƙwaƙwalwa, gefensa ya kumbura. Kwanciyar dare tana ƙara wannan matsi, shi ya sa ciwon ke tashi da asuba da amai. Hannun dama kuwa, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma wurin magana a hagu yake ga yawancin mutane. Ka ga alamun sun yi daidai da hoton. Babban mutum da ya fara farfaɗiya da girmansa, hoto ake yi masa kafin a ce komai.

A manya, wanda aka fi samu cikin ƙarin da ke farawa a cikin kai shi ne meninjiyoma. Daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake fitowa, girmansa a hankali, yawanci ba kansa ba ne, ya fi kama mata. In wurin ya ba da dama aka cire shi duka, mutum kan koma harkarsa. Sai giliyoma, mai fitowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta. Ana ba ƙari daraja daga 1 zuwa 4, kuma giliyobilastoma, mai daraja 4, shi ne mugun. Saiwa yake yi cikin lafiyayyen nama, ba a iya kwashe shi tas. Ko da tiyata da gashi (ƙona ƙarin da hasken na'ura) da magani, matsakaicin tsawon rayuwar da ake samu wata 15 ne ko kusa da haka, wasu su wuce, wasu ba su kai ba. Na faɗa ne don ku san bambancin, ban ce shi ne da Yaya ba. Akwai kuma wanda ya yi hijira daga wani wuri, huhu ko nono ko ƙoda, shi ya sa za ku ga an ce a yi hoton ƙirji da na ciki ga mai ciwon kai.

Abin da ke raba gardama shi ne naman da aka ciro aka duba a ɗakin gwaji. Sakamakon kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ku bi shi har ku karɓa a rubuce, domin duk maganin gaba a kansa zai hau.

Maman Zahra:

Malam ya yi bayani, bari in ƙara na hanya.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ku tafi da takardar turawa, da fim ɗin CT ko faifansa, ba rahoton kawai ba, likitan tiyata hoton yake son gani da idonsa. Ku haɗa da kwalayen duk abin da yake sha, har na gargajiya.

Mai yiwuwa a nemi wani hoton, MRI, da allurar da ke haska ƙarin. Yakan ci minti 30 zuwa 45, yana kwance ba motsi, injin yana da ƙara sosai. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, don haka in akwai ƙarfe a jikinsa, ko ɓurɓushin harsashi, ku faɗa tun a ƙofa. Kafin allurar ana duba lafiyar ƙoda.

In an sa ranar tiyata, ku tanadi masu ba da jini da wuri. Aspirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, a daina sayo masa su a kemis. Ba abinci aƙalla awa 6 kafin a shiga. Aikin kansa, ana yanke ɗan faifan ƙashi daidai wurin, a cire abin da za a iya cirewa ba tare da taɓa wurin magana ko motsi ba, a mayar da ƙashin. Haɗari akwai, zubar jini, kumburi, ƙwayar cuta, ƙarin rauni a hannu. Ku tambayi likitan kai tsaye: duka za a cire ko ɓangare, kuma me zai faru in an bari? In ya zama giliyobilastoma, gashin da aka saba zama 30 ne cikin mako 6, kwana biyar a mako, tare da ƙwayar maganin kansa ta temozolomide, sai ku yi lissafin masauki.

Farfaɗiyar kuma, in ta taso a kwantar da shi a gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, huhu yake wucewa. In ta haura minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, asibiti nan take. Ba hawa mashin, ba tuƙi, ba bakin rijiya ko wuta. Addu'a a yi ta yi, ba ta hana shiga mota.

Abu Khadija:

Kada ku yi mamaki in an ce a yi gwajin tarin fuka da na HIV. A ƙasarmu dunƙulen tarin fuka da ƙurji mai mugunya suna fitowa a hoto tamkar ƙari, kuma maganinsu daban. Sannan kada wani ya ɗebi ruwan ƙashin bayansa ba tare da likita ya ga hoton ba. In matsi ya yi yawa a kai, ɗiban ruwa daga ƙasa kan janyo ƙwaƙwalwa ta zame ta danne wurin numfashi.

Ɗan Mafara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ga wata. Tun da aka fara ba shi dexamethasone da levetiracetam ciwon kan ya lafa, hannun ma ya fara motsi. Baffanmu ya ce a dakata da tafiyar tunda sauƙi ya samu.

Malam Sanusi Gusau:

A ba Baffa haƙuri, a fahimtar da shi cikin ladabi. Dexamethasone kumburin gefen ƙarin yake saukarwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku a ga sauƙi, amma ƙarin yana nan yana girma. Kuma ba maganin zama ba ne: yana tayar da suga, yana cin ciki, yana hana barci, yana raunana cinyoyi da garkuwar jiki. A sha bayan abinci, a riƙa auna suga, kada kuma a yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage shi kaɗan-kaɗan. Levetiracetam kuwa safe da yamma a kan lokaci, tsallake shi ne ke dawo da faɗuwa. In ya sa shi saurin fushi ku gaya wa likita, akwai madadinsa.

Wannan sauƙin shi ne damar tafiyar, yanzu da zai iya zama a mota. Ku faɗa musu ranar da ya fara dexamethasone, domin yana iya ɓoye wani nau'in ƙari a gwaji. In kuwa barci ya fara rinjayarsa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗayan buɗewa, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku wuce sashen gaggawa.