Wai yaya za mu ce "cold-blooded" da Hausa?

Jama'a Assalamu alaikum. Jiya da dare muna zaune ƙofar gida nan Ƙofar Sauri, ƙanena ɗan sakandare ya tambaye ni wai mi ya sa gyare ke cika mana kunne lokacin zafi amma da hunturu ya kama sai kukan ya riƙa ja kamar batir ya yi sanyi. Na ce ai shi gyare cold-blooded ne, ya ce to Yaya da Hausa fa? Nan na yi tsuru.

Abin da ke faruwa, namijin ne ke kukan, kuma ba da baki ba, fukafukansa na gaba yake gogawa da juna don kiran mace. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa irin namu, in gari ya yi zafi naman jikinsa ya saki ya goga da sauri, in sanyi ne ya yi nauyi. Har wani Ba'amurke Amos Dolbear ya fitar da lissafi a 1897, wanda aka sauƙaƙa haka: ka ƙirga kukan cikin daƙiƙa 8 ka ƙara 5, ka samu kusan digirin Salsiyos na zafin wurin. Da wani gyaren bishiya na can Amurka abin ya fi daidai, kar wani ya je ya gwada da na bayan ɗaki ya dawo ya ce na yi ƙarya.

To sunan. Wani ya ce "mai sanyin jini". Ni dai ban yarda ba wallahi, je ka taɓa ƙadangaren da ya shanya kansa bisa katanga da azahar cikin watan Afrilu ka gaya min ko jininsa sanyi ne, kuma Bahaushe in ya ji sanyin jini zai ɗauka sanyin hali ake nufi ko kasala.

Wata Hajiya daga Daura ta ce "mai bin yanayi", na ce Hajiya ai wannan 'yan siyasa za a zata.

Sai Baba da ke gefe kan tabarma, da muka ɗauka barci yake, ya ce ku ce masu aron ɗumi mana, tunda ba nasu ba ne, wajen rana suke ara. Gyare, kwaɗo, maciji, ƙadangare duk sun shiga. Mu da awaki kuma masu ɗumin kai.

Ni na tsaya nan, aron ɗumi. In akwai malamin Hausa da ke da wadda ta fi ta, bismillah.