Tabarau mai allo, wanne za a saya?

Jama'a ga abin da aka tsayar a hirarmu kan tabarau mai allo, wato wanda ake sawa a fuska ya nuna maka hoto ko bidiyo a gaban idonka. Yawanci sun ce ka duba wayarka tukun kafin ka tura kuɗi, don irin su Xreal Air da kebul ɗin USB-C suke aiki, kuma ba kowace waya ke fitar da hoto ta ramin caji ba, gara ka gwada taka a shago nan Gusau. Meta Quest 3 kuwa shi kansa kwamfuta ne amma batirinsa wajen awa biyu, ga nauyi ya ɗan haura rabin kilo, zafin Afrilu kam sai gumi ya jiƙa soson goshin. Ni na fi karkata ga mara nauyi irin su Xreal Air. Vision Pro na kamfanin Apple kuwa dala 3,499, ba wanda ma ya tanka.