Intanship ba biya: hanyar aiki ce ko bautar banza?

Hauwa: Salam jama'a. Yau wani lakcara ya ce mana wai digirin nazarin ci gaban ƙasashe ba ya kai mutum ko'ina sai ya haɗa da intanship, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata, ko da kyauta ne. Ni kam ban yarda ba, shekara huɗu muna shan wahala sannan a ce mu je mu yi wa wasu aiki ko kuɗin mota babu?

Nura: Ƙanwata gaskiya ya faɗa miki. Ni a Maiduguri na fara, wata shida ina bin wata ƙungiyar agaji sansanin 'yan gudun hijira da waya a hannu ina cike fom a Kobo, wata manhajar tattara bayanai, gida nawa, yara nawa, wa ya karɓi buhu wa bai karɓa ba, rana ta dake ni har na yi baƙi ƙirin. Ranar intabiyu wlh ba wanda ya kalli sakamakona, tambayarsu kawai na iya Excel, na taɓa rubuta rahoto, ina jin Kanuri?

Bashir: To Yaya Nura wa ya ciyar da kai a wata shidan? Ai gidan kawunka ka zauna, kar mu ɓoye. Wanda ba shi da kawu fa? Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ba ta biyan masu intanship, a 2015 har wani yaro ɗan New Zealand ya riƙa kwana a tanti a Janiba don haya ta fi ƙarfinsa. Masu wa'azin yaƙi da talauci amma sai ɗan mai kuɗi ne zai iya shiga ƙofarsu.

Nura: UNICEF da WHO suna ba da ɗan alawus yanzu ai.

Bashir: Mutum nawa suke ɗauka?

Anti Rabi: Ku duka kuna maganar da ne. Tun da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 aka rushe USAID, hukumarsu ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, kasuwar ta canza, a ofishinmu masu shekara goma a aiki aka sallama, yanzu su ne ke neman irin gurbin da Nura ya fara da shi, to ke Hauwa da wa za ki yi takara?

Hauwa: Anti kin karya min gwiwa fa.

Anti Rabi: A'a 'yata, ki yi dabara dai. Lokacin bautar ƙasa ki nemi ƙungiya ta karɓe ki, ga dubu 77 ɗin gwamnati tana shigowa duk wata, kin ga ba kyauta kika yi ba. Ki koyi tattara bayanai da rubuta takardar neman tallafi, ko ma'aikatar tsare-tsare ta jiha tana buƙatar masu wannan.

Bashir: Ni dai har yanzu ina kan bakana, wata shida kyauta zalunci ne.

Hauwa: Yaya Nura Kobon nan a waya ake koyonsa ko sai da kwamfuta?