Mata 'yan gudun hijira masu saƙa da ɗinkin hula: a ina jari ke mutuwa?

Mai tambaya, Maiduguri: Assalamu alaikum. Matan da suka baro Bama tun 2014 da sana'arsu a hannu suka zo, ba koyarwa suke nema ba. Amma sai a ba mace jari, bayan wata biyu babu hula babu kuɗi. Masu aiki da su, me kuka gani?

Malamar ɗinki, Maiduguri: Wa alaikumus salam, Yaya. Lokaci ne ke cin jarin. Hula mai cikakken aiki takan ɗauki mako uku zuwa wata guda, tukunya kuwa ba ta jira. Sai ta taɓa kuɗin zare ta sayi masara, daga nan ta koma ƙodago: dillali ya kawo yadi da zare, ya biya ta ladan hannu kawai. A ba ta kaya maimakon kuɗi, wato yadin da an riga an yi masa zane, allura da zaren da zai isa hula biyu, a haɗa da abincin wata ɗaya. Zaren kowace hula a saye shi lokaci guda, don wanda za a ƙaro daga baya kalarsa kan bambanta. A jiƙa ɗan guntu a goga a farin ƙyalle. In ya zuba, a wurin wanki zai ɓata aikin gaba ɗaya.

Mai sarin huluna, Kano: Gaskiya ne, Hajiya. Abin da ya fi sa mu mayar da kaya shi ne awo. Ɗinki yana jan yadi, hular da aka yanka daidai 23 sai ta fito 22. A bar rara tun wurin yanka. Kayan Sallah kuma a fara su wata uku kafin lokaci.

Ma'aikaciyar agaji, Diffa: A nan saƙar kaba ce sana'ar matan. Faifai yana ƙarewa cikin kwana biyu ko uku, shi ke riƙe cefane kafin tabarma ta kammala. A yayyafa wa kabar ruwa ta yi laushi kafin saƙa, busasshiya karyewa take. Da damina kada a jibge kaya a ƙasa, danshi na sa su baƙi, farashi ya faɗi.

Mai kula da adashi, Yola: Rukuni kada ya wuce mutum goma, kuma waɗanda suka san juna tun gida. Ranar kwasa a raka mai ɗauka shagon zare kai tsaye.